Kamu Goma Sha Huɗu

Kun taso kuna jin cewa Baffanku Isiyaku ya bar gidanmu na Fagge ne saboda rigimar gado. Wasunku kuma an gaya musu wai wata mace ce ta ja shi Jos. Ni ban taɓa faɗin ko ɗaya daga cikin maganganun nan ba, amma ban taɓa ƙaryata su ba, domin sun fi mini daɗin ji a kan gaskiyar. Yanzu da hannuna ba ya iya ɗaga tubali, ido kuma ya fara yi mini gardama, bari in rubuta muku yadda aka yi tun ina da sauran hankalina. Ni na kore shi, kuma bai yi mini komai ba.

Abin ya faru 'yan shekaru kafin Turawa su miƙa mulki. A lokacin ina ganiyar ƙarfina, magini ɗan magini, kuma duk Fagge har Kwaciri in ana son fuskar gida ta yi magana ni ake nema. Ina zana dagi da takobi a jikin ɗanyen yaɓe, in mai gida ɗan kasuwa ne mai son a san ya samu in ƙara masa keke ko agogo a saman ƙofa. Ina da hali guda wanda ku ma kun san shi, ba sai na ɓoye ba: zargi. In mutum ya gaishe ni sau biyu a yini, sai in fara tunanin abin da yake nema. Mu biyar ne a gidan. Akwai Inna, wadda har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunana ba saboda ni ne ɗan fari, sai dai ta ce "kai wannan". Akwai mahaifiyarku Hajara, da ke Binta kina 'yar shekara uku, sai Isiyaku, ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya, kafinta, wanda ɗakinsa ke kusa da zaure na biyu. Mutum ne mai fara'a, ba kamar ni ba. In ya shigo cikin gida sai ya tsaya ya tsokani Hajara wai miyarta ba gishiri, ita kuma ta ce in ya yi aure za ta je ta ɗanɗana ta matarsa.

A shekarar nan ne wani kamfani ya kawo Bature don ya gina wa ma'aikatansa gidaje a bayan tashar jirgin ƙasa. Leburori suka sa masa suna Mai Awo, domin ba ya rabuwa da igiyar awo a aljihu. Ƙofa ya gani ya auna, tabarma ya gani ya auna, har tulu na ga ya zagaya shi da igiya. Siriri ne, kansa ya yi fari, ga gajeren wando. Da aka ce mini mutumin Jamus ne sai na ƙara ja baya, domin ba a daɗe da kwasar samarinmu zuwa yaƙi da mutanen ƙasarsu ba. Mai yi masa tafinta da kwafar zane shi ne Malam Yohanna, Kirista daga wajen Zariya, mazaunin Sabon Gari, mutum mai sanyin murya wanda Hausarsa ta fi tawa tsabta. Shi ya zo har zaurena ya ce Bature na neman magini da ya san rufin soro da azara, da kafinta mai yin ƙofa da taga. Haka muka shiga aikin ni da Isiyaku.

Da rana in mun zauna hutawa a ƙarƙashin rumfa, Mai Awo ba ya tafiya cin abinci inda sauran Turawa suke. Sai ya zauna a kan buhun siminti ya kama ba da labarin makarantar da ya yi yana saurayi, Malam Yohanna na juya mana. Ya ce an buɗe ta ne bayan yaƙin duniya na farko, lokacin da ƙasarsu ta tsiyace, mutane ba su da wurin kwana. A can, wai mai zanen hoto da kafinta da masaƙi da maƙeri duk a rumfa ɗaya suke koyo, ba a ce wannan malami ne wancan ɗan ƙwadago ba. Ɗalibi sabon shiga takarda kawai ake ba shi, a ce ya yi ta lanƙwasa ta har ya gane abin da takarda za ta iya da wanda ba za ta iya ba, daga nan a ba shi itace, a ba shi ƙarfe. Sun yi kujeru da bututun ƙarfe irin na keke, sun yi gidaje masu shimfiɗaɗɗen rufi da manyan tagogin gilashi, ba ado ko ɗigo. Makarantar ta yi ƙaura daga gari zuwa gari, ba ta ko kai shekara ashirin ba gwamnatin da ta jawo yaƙi na biyu ta matsa mata har aka rufe ta. Malamai da ɗalibai suka watse, wasu Amurka, wasu wasu ƙasashen, shi ma ya gudu da akwati ɗaya. Ya ce waɗanda suka rufe ta ba su san sun watsa iri ba ne, domin yanzu duk inda ka ga sabon banki ko asibiti fari fat kamar an yanka shi da wuƙa, akwai hannun wani ɗan makarantar a ciki, ko na wanda ya koya a wurinsa.

Na ce wa Malam Yohanna, "Tambaye shi, shimfiɗaɗɗen rufin nan da suka yi ta wahala a kansa, ya ɗaga kai ya dubi birnin Kano kuwa? Kakana ya yi shi ba tare da ya shiga aji ba."

Da aka juya masa sai ya yi dariya har da buga cinya, ya ce ai shi ya sa ya neme ni. Dariyar ba ta kwanta mini ba. Na ce a raina, mutumin da ya tsani ado me yake nema wurin mai yin ado?

Akwai maganar da ya fi maimaitawa. Ya ce wani malaminsu ya koya musu cewa kafin ka ja layi ɗaya na gida, je ka tambayi mai girki: taku nawa ne daga murhu zuwa ruwa, ina hayaƙi yake bi, ina yara suke kwana. Isiyaku ya riƙe maganar nan kamar karatu. Ni kuwa na ce, ranar da magini zai nemi shawarar mai tuƙa tuwo, ranar zan ajiye sana'a. Na lura Isiyaku ya fara sauyawa. Ya daina sassaƙa ado a jikin ƙofa, ya sayi fensir ya maƙala a kunne, ya ƙera wata kujerar bututu ya kawo gida. Inna ta zauna sau ɗaya ta miƙe ta ce wannan ai tarko ne. Kullum bakinsa Mai Awo ya ce, Mai Awo ya ce. Abin yana cina, kuma yau zan iya kiran sunansa: kishi ne. Ni na koya masa riƙon guduma, ga shi wani baƙo ya zo ya ɗauke mini shi da labari.

Sai Baturen ya nemi abin da ba a nema. Ya ce ya zana fuskokin gidaje da yawa, amma bai taɓa ganin cikin gidan Bahaushe ba, kuma ba zai iya gina wa mutane wurin zama bai san yadda suke zama ba. Yana so in shigar da shi namu ya auna. Na ce wa Malam Yohanna ya gaya masa iyakar baƙo namiji zaure, ko limamin unguwa ne. Ya sake nema bayan sati biyu, na sake hanawa. A na uku ya ce to in auna da kaina in kawo masa, na ce ko wannan ba zan yi ba. Ku fahimce ni, ba kunya kaɗai ba ce. A lokacin magana ta cika Fagge cewa duk gidan da ya shiga takardar Bature, ba a daɗewa sai a ja titi ta tsakiyarsa. Ban san wanda aka yi wa haka ba, amma kowa ya san wani da ya san wani, ni kuwa irin wannan magana ba ta wuce kunnena.

A cikin gida kuma akwai wata damuwa da na ƙi kulawa. Madafinmu tun zamanin Baba yana daura da ɗakin Hajara, ƙofa na kallon ƙofa. Ɗakin ni na gina shi da hannuna lokacin aurenmu, kamu goma sha biyu tsawonsa, da 'yar taga ɗaya can sama wadda ko kyanwa sai ta matse za ta wuce. Da damina in an koma girki a ciki, hayaƙi kaf ɗakin yake shiga. Ke Binta kika kama tari, irin mai sa yaro ya dafe ƙirji idonsa ya yi ja. An yi jiƙo, an yi turare, an karɓo maganin asibiti, ya lafa ya dawo. Sau biyu Hajara ta yi mini magana.

"Malam, da za a matsar da madafin nan can wajen rijiya, ko a buɗe wata taga, ina ga yarinyar nan za ta samu sauƙi."

Na ce, "Inda Baba ya ajiye murhu nan zai zauna. A nan aka dafa abin da na ci na girma, ga ni ban mutu ba. Ke da ɗinkin hula aka san ki, bar wa magina gini."

Ba ta sake ɗaga maganar ba. Matar Malam Yohanna, Saratu, takan shigo wurinta a kai a kai, tana koya mata saƙar rigar yara tana sayen hulunan da take ɗinkawa. Ina jin muryarsu daga zaure, ban taɓa kawo komai a raina ba. Ni da nake zargin kowa, hirar mata ce kaɗai ban ɗauka a bakin komai ba.

Wata ranar Laraba da hantsi na je ofishin Mai Awo, a saman wani shago kusa da Kasuwar Sabon Gari, don a nuna mini inda za a kafa azara. Bangon ofishin duk takardu ne a manne. Ina tsaye ina jiran ya gama fiƙe fensir sai idona ya sauka a kan wata. Ban iya karatun boko sosai ba a lokacin, amma magini ba ya bukatar harafi kafin ya gane gida. Ga zaure, ga zaure na biyu, ga katangar da ta karkace don ta kauce wa bishiyar kurna. Ga rijiya. Ga ɗakin Inna, ga ɗakin matata, har inda gadonta yake an ja layi. Ga bayan gida. Gidana ne tsirara a jikin bango, duk wanda ya hawo bene zai kalla. Malam Yohanna ya ga inda nake kallo, ya yi wuf ya ɗauko jarida zai rufe, amma Baturen ya riga shi. Ya taso da murna ya kama hannuna da hannu biyu, da 'yar Hausar da ya tsinta wurin leburori.

"Na gode, Malam Haruna. Na gode ƙwarai. Gida mai kyau." Ya ɗora yatsa a kan ɗakin Hajara. "Kamu goma sha huɗu. Hayaƙi nan, ba kyau. Taga nan, taga nan."

Da jan fensir ya matsar da madafi zuwa wajen rijiya, ya huda tagogi biyu masu kallon juna a saman bango. Shi a zatonsa ni na sauko na aiko masa. Na ja Malam Yohanna zuwa matakala na tambaye shi wanda ya kawo awon.

Ya ce, "Malam Haruna, amana aka ba ni, ba zan faɗa ba. Amma na rantse maka ba wanda ya shiga gidanka, kuma ba mugun nufi a ciki. Ka bari zuciyarka ta huce mu yi magana."

Ban bari ba. Daga Sabon Gari zuwa Fagge ban san ta inda na bi ba, amma kafin in isa na gama shari'a na yanke hukunci. Wa ke shiga cikin gidana kuma yake shiga ofishin Bature? Wa ke yawo da fensir a kunne? Na tarar da Isiyaku a tsakar gida ya dawo cin abinci, yana zaune kusa da Inna. Hajara na bakin murhu. A gabansu duka na faɗi abin da na gani, na kuma rantse da babbar murya cewa wanda ya fitar da cikin gidan nan ba zai sake kwana a cikinsa ba, ko wane ne. Sannan na juya kansa.

"Kai ne. Ka sayar da mutuncin uwarka da na matar yayanka don Bature ya dafa maka kafaɗa. Kuma ko awon ma ba ka iya ba. Ɗakin da na gina kamu goma sha biyu ka je ka ce goma sha huɗu. Kafintan banza."

Ya ajiye lomar da ke hannunsa. Na ga ya ɗaga ido ya dubi wajen murhu, ya mayar ƙasa. A lokacin na ɗauka kunya ce ta hana shi kallona.

Ya ce, "Yaya, kai ne magini. Ka sake aunawa."

Wannan magana ta ƙara tunzura ni, na ɗauke ta rashin kunya. Inna ta sa baki.

"Kai wannan, ka bi a hankali. Yaron nan bai ce shi ne ba."

Na ce, "Bai kuma ce ba shi ba ne, Inna. Ya faɗa mana in ya isa."

Ba abin da ake ji sai tarinki, Binta, daga cikin ɗaki. Isiyaku ya wanke hannu, ya miƙe, ya shiga ɗakinsa. Kafin la'asar ya ɗaure kayan aikinsa a buhu. Ya durƙusa gaban Inna ta sa masa albarka tana kuka, ya leƙa ya shafa kanki, ya ce wa Hajara ta riƙa ƙara gishiri, ya fita. Kwana biyu ya yi wurin wani abokinsa a Kwaciri, ina sane, ina kuma jiran ya aiko a ba ni haƙuri. Bai aiko ba. A rana ta uku ya hau jirgi. Ni ma na bar aikin Mai Awo a ranar, ban ko yi masa sallama ba, na zauna ina jiran ranar da za a zo da jan fenti a shafa wa katangata alamar titi. Ba wanda ya zo.

Gidan ya mutu. Inna ta daina zama a tsakar gida, in na gaishe ta sai ta amsa tana kallon bango. Hajara ta rame, ga ciki tana ɗauke da shi, cikinka ne Sani. Na ɗauka laulayi ne. Saratu ta daina zuwa. Ni kuwa ina ta gaya wa mutane a majalisa cewa na yi maganin maci amana, suna gyaɗa kai, ina jin kaina namiji.

Wata bakwai aka yi a haka. Da bazara ta kawo jiki na shiga gyaran yaɓe kafin ruwa ya sauka, na zo kan ɗakin Hajara ina lissafin ƙasar da zai ci. Na ɗora gwiwar hannu a kusurwa na fara kamu kamar yadda na saba, daga gwiwa zuwa kan yatsa. Goma sha biyu cif. Sai maganar nan ta faɗo mini: ka sake aunawa. Isiyaku ya fi ni tsawo, hannunsa ya fi nawa. In da shi ya auna, sai dai ya samu sha ɗaya da wani abu, ba yadda za a yi ya haura zuwa sha huɗu. Kuma kafinta mai igiyar awo a buhunsa me zai kai shi yin kamu? Wanda ya auna bangon nan gajeren hannu gare shi. Abin da ya kamata in gani tun a ofishin Bature ke nan, ni da nake taƙama da awo. Na juya. Hajara na zaune a inuwar kurna da jariri a cinya, tana auna zaren hula a hannunta.

Na ce, "Hajara, ba Inna yaron nan. Zo ki auna mini bangon nan."

Ta dube ni, ta dubi bangon. Ba ta tambaye ni dalili ba. Ta miƙa jaririn, ta zo ta ɗora gwiwar hannunta a kusurwa. Tana yi tana ƙirgawa a hankali, ni ina biye da ita. Da ta wuce sha biyu akwai sauran bango. Sha uku. Sha huɗu, yatsanta ya taɓa ɗaya kusurwar. Ta bar hannun a wurin ba ta juyo ba.

Ta ce, "Saratu ce ta ba ni labarin abin da Baturen yake cewa, wai a tambayi mai girki. Na ce to ni ba wanda zai tambaye ni. Na zana a bayan takardar siminti da gawayi, na yi ɗigo-ɗigo a madadin lamba, na ce ta kai ko zai ga inda hayaƙin zai bi. Cewa na yi in ka ga abin daga hannun Bature wataƙila ka yarda. Isiyaku ya shigo ya same ni ina auna bangon nan, ya yi dariya ya ce yaya ta zama magini. Ranar da ka rantse, na buɗe baki zan yi magana, ya dube ni ya girgiza kai. Ga Binta ba lafiya, ga ciki. Na ji tsoro, Malam. Wata bakwai ban yi barcin kirki ba. In tafiya ce, yau ma sai in tafi."

Inna na zaune da jariri, ba ta ko ɗaga kai ba. Ta ce, "Ba inda za ta. Rantsuwarka ta riga ta ci mutum ɗaya, ya isa."

Ban taɓa jin ƙanƙanta irin ta ranar ba. Na so in yi fushi da Hajara, na laluba ban samu inda zan kama ba. Sau biyu ta roƙe ni da bakinta a cikin ɗakina na mayar da ita wurin allura. Na je wurin malami a kan rantsuwar, ya ce in yi kaffara, na yi. Na je Sabon Gari, na tarar Mai Awo ya gama aikinsa ya bar ƙasar, amma ya bar wa Malam Yohanna zanen ya ce a ba mai gidan. Malam Yohanna ya miƙo mini, na karɓa na dawo gida. Kafin ruwan farko na rushe madafin Baba na mayar da shi wajen rijiya, na huda tagogi biyu masu kallon juna daidai inda jan fensir ya nuna. A daminar nan tarinki ya tafi, Binta, bai sake dawowa ba.

Sai da na shekara ina jan ƙafa kafin na iya zuwa Jos. Na same shi ya kafu, ya yi aure, yana da rumfar kafinta da ma'aikata, manyan shaguna da ofisoshi na rububin kujerunsa da tagoginsa marasa ado. Ya tarbe ni da fara'arsa ta da. Ya shimfiɗa mini tabarma a zaure, aka kawo ruwa, aka kawo tuwo. Na faɗi abin da ya kawo ni, ban rage komai ba, har hawaye na yi.

Ya ce, "Haba Yaya, ai ya wuce. Na yafe tun ina cikin jirgi. Yaya tarin Binta?"

Na ce ta warke. Ya yi hamdala. Na ce to ya dawo gida, ya ce aiki ya riƙe shi. Muka yi hira har la'asar. Da na ga bai ce in shiga ciki ba sai na ce bari in shiga in gaida amarya in ga ɗaki. Ya yi murmushi, ya ce in zauna kada in wahala, bari ya kira ta. Ta zo bakin ƙofar zaure ta durƙusa ta gaishe ni daga nan, kamar yadda ake gaida baƙo. A zauren aka yi mini shimfiɗa na kwana.

Shekara ashirin da wani abu ina zuwa Jos. Ya zo jana'izar Inna, ya tsaya a zaurenmu ya karɓi gaisuwa, bai wuce ciki ba. Bai taɓa ɗaga mini murya ba, bai taɓa barina in dawo hannu wofi ba, duk sallah sai ya aiko muku da kaya. Amma ƙafata ba ta taɓa wuce zaurensa ba, ni kuma ban sake tambaya ba, domin na san wanda ya koya masa wannan doka. Ranar da na fara shiga cikin gidan ƙanena ita ce ranar da aka kira ni in yi wa gawarsa wanka. Na ratsa tsakar gida ina bin ɗansa, sai na ga madafi can wajen rijiya, kowane ɗaki da tagogi biyu a sama suna kallon juna. Matarsa ta ce kafin ya sa tubali ɗaya sai da ya zaunar da ita ya tambaye ta inda take son murhu.

Takardar Mai Awo tana cikin akwatina na ƙarfe, da ta simintin a manne a bayanta, gawayin bai goge ba. Mahaifiyarku ta roƙe ni in gaya muku tun tana da rai, na ce sai wani lokaci, har ta tafi. Yanzu kun ji. Kada wanda ya sake cewa gado ne ko mace. In 'ya'yan Isiyaku suka zo Fagge, ko ina raye ko ba na nan, kada ku shimfiɗa musu tabarma a zaure. Ku kama hannunsu ku shigar da su har ɗakin da yake kamu goma sha huɗu.